Ko Lissafin Hanya da Fensho Yana Rage Ladan Aikin Asibiti?

 Akwai wata mas'ala da takan dami masu aikin asibiti, musamman matasan da suka gama karatun likita ko na jinya ko na unguwarzoma, a lokacin da aka yi musu tayin aiki a wuri biyu. Mutum yakan zauna ya auna nisan asibitin daga gidansa, ya tambayi ko akwai inda zai ajiye motarsa ko babur ɗinsa cikin aminci, ya kuma binciki abin da za a ba shi ranar da ƙarfinsa ya ƙare. Yana cikin wannan lissafi sai zuciyarsa ta fara tuhumarsa, ko kuwa wani na kusa da shi ya ce masa ai aikin ceton rai ba a yi masa ciniki, mai neman lada ba ya tambayar fensho, arziki kuwa na Allah ne. To, wannan magana gaskiya ce, ko kuwa tana da gyara?

Abin da ya kamata a fara tabbatarwa shi ne, karɓar lada a kan aikin magani halal ne. Ya tabbata cikin ingantattun ruwayoyi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa Abu Ɗaiba ya yi masa ƙaho, ya kuma biya shi da abinci. Da kuɗin magani abin kunya ne, da bai bayar ba. Haka kuma an ruwaito cewa da aka naɗa Sayyidina Abubakar halifa, sai aka gan shi ya ɗauki tufafi zai tafi kasuwa kamar yadda ya saba, domin iyalinsa ba za su ci halifanci ba. Sayyidina Umar da Abu Ubaida ne suka tsai da shi, aka yanka masa abin da zai ishe shi daga baitulmali, don ya sami zarafin fuskantar al'amuran jama'a. Darasin da ke ciki a fili yake: wanda aka ɗauke wa damuwar tukunyar gidansa, shi ne yake iya ba aikin jama'a hankalinsa duka. Hausawa ma sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Sa'an nan shari'a ba ta son jahilci cikin ijara, watau yarjejeniyar ɗaukar mutum aiki. Malaman fiƙihu sun sharɗanta a san aikin, a san ladan, a san wa'adin, domin kauce wa husuma daga baya. A cikin Suratul Ƙasasi an ba da labarin yadda Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi yarjejeniya da dattijon Madyana a kan aikin shekara takwas, in ya cika goma kuwa kyautatawa ce daga gare shi, aka fayyace kome tun kafin a fara. Saboda haka ma'aikacin da ya tambayi sharuɗɗan aikinsa dalla-dalla kafin ya sa hannu, koyi ya yi da Annabawa. Abin da ya rage shi ne a duba kowane ɗaya daga cikin abubuwan ukun nan, a ga nauyin da yake da shi a ma'aunin hankali da na shari'a.

Nisan hanya

Mutane da yawa sukan ɗauki nisan wurin aiki ƙaramin abu, har sai sun fara. Wanda yake zaune a Kurna ko Rijiyar Zaki, aka ɗauke shi aiki a Asibitin Malam Aminu Kano da ke kan hanyar Zariya, tilas ne ya ratsa garin Kano safe da yamma. Tun da aka hana acaɓa a Kano cikin 2013, mafi yawan ƙananan ma'aikata A Daidaita Sahu suke hawa, wani ma sai ya sauya biyu ko uku kafin ya isa. A Zariya, tun da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya koma mazauninsa na Shika cikin 2005, wanda gidansa yake cikin birni ko Tudun Wada ya san tafiya ta ƙaru. A Abuja kuwa, tsadar haya ta sa ma'aikata da yawa suna kwana a Nyanya da Mararraba da Suleja, su yi sammako su shiga cunkoson motoci.

Alal misali, a ɗauka mutum yana cin sa'a ɗaya da rabi zuwa, sa'a ɗaya da rabi dawowa. Sa'a uku ke nan a yini. In yana zuwa aiki kwana 22 a wata, ya ci sa'a 66. A wata goma sha ɗaya, bayan an cire hutun shekara, ya ci sa'a 726, watau kwana 30 cur, dare da rana, a kan hanya. In ya yi shekara 30 a haka, ya bar kusan shekara biyu da rabi ta rayuwarsa a cikin mota. Lokaci kuwa yana cikin abubuwan da za a tambayi bawa ranar ƙiyama, a me ya ƙarar da shi. Ta fuskar kuɗi ma haka ne. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya zama babban kaso na albashi. In tafiyar tana cin Naira 2,000 a yini, a wata ta ci 44,000. Idan asibitin nesa ya fi na kusa albashi da Naira 30,000, to wanda ya zaɓe shi don albashin ya yi asarar 14,000 kowane wata, ban da gajiya.

Amma babban abin dubawa a nan shi ne haƙƙin marar lafiya. Aikin asibiti miƙe-miƙe ne: mai aikin dare ba ya tashi sai mai aikin safe ya zo ya karɓa. Nas ɗin da ta makara da sa'a guda ta tsare 'yar'uwarta wadda ta kwana a tsaye, ta kuma jinkirta allurar da aka ƙayyade wa lokaci. Likitan da aka kira da tsakar dare saboda mace tana zubar da jini bayan haihuwa, nisan gidansa yana iya zama bambanci tsakanin rai da mutuwa. Wanda kuma ya iso a gajiye, bai sami isasshen barci ba, shi ne ya fi kusa da kuskuren awon magani. A bayan yaƙin Handaƙ, shekara ta biyar bayan Hijira, da aka ji wa Sa'adu ɗan Mu'azu rauni, Manzon Allah ya sa aka ajiye shi a wata hema cikin masallaci, inda Rufaida take jinyar masu rauni, don ya riƙa duba shi daga kusa. Ashe kusanci da majinyaci abu ne da aka lura da shi tun farkon Musulunci.

Har wa yau akwai haƙƙin iyali da na jiki. Sanannen abu ne yadda Salmanul Farisi ya yi wa Abud Darda'i nasiha da ya ga ya ƙuntata wa kansa da iyalinsa saboda ibada, ya tuna masa cewa kowane mai haƙƙi a ba shi haƙƙinsa, Manzon Allah kuma ya gaskata Salmanu. In ibadar nafila ba ta zama uzurin tauye iyali ba, ina ga ƙarin albashi? Uban da yake fita kafin 'ya'yansa su tashi, ya dawo bayan sun yi barci, wa ya bar wa tarbiyyarsu? Saboda haka wanda ya auna nisan hanya don ya riƙa isa a kan lokaci, ya kuma sami abin da zai ba iyalinsa na lokacinsa, amana yake kiyayewa.

Wurin ajiye abin hawa

Wannan ya fi sauran kama da abin da bai kai a kawo shi shafin addini ba, amma yana da fuska biyu. Ta farko ita ce tsare dukiya, wadda malamai suka lissafa cikin manyan abubuwa biyar da shari'a ta zo don kiyaye su, tare da addini da rai da hankali da zuriya. Ƙaramin ma'aikacin da ya yi adashi shekara biyu ya sayi babur, ba laifi ba ne ya tambayi ko akwai maigadi da fitila a inda zai bar shi. Mutumin da yake ɗaure wa majinyaci ruwa alhali rabin hankalinsa yana waje wurin babur, ba zai kyautata aikin ba. Ga mata masu aikin dare kuwa, tazarar da ke tsakanin ɗakin marasa lafiya da inda aka ajiye mota, da kuma haskenta ko duhunta, batu ne na tsare mutunci. Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umurce shi ya haɗa biyun, ɗauri da dogaro. Mota da babur su ne raƙuman wannan zamani.

Fuska ta biyu kuwa ta shafi wasu. Asibitocin da suke tsakiyar gari, irin Asibitin Murtala da ke Ƙofar Mata a Kano, kusa da Kasuwar Rimi, an gina su ne tun lokacin da motoci ba su da yawa, filinsu kuma ba ya ƙaruwa. Inda fili ya yi ƙaranci, nan ake gane halin mutum. Ma'aikacin da ya tsai da motarsa a bakin ɗakin gaggawa don kada ya yi tafiyar minti biyar, ya tare wa motar ɗaukar marasa lafiya hanya. Wanda ya kama wuri mafi kusa da ƙofa da ƙarfin muƙaminsa, ya bar tsoho mai ciwon ƙafa yana jan jiki daga nesa. Hanya tana da haƙƙi a Musulunci, kawar da abin cutarwa daga kanta kuma reshe ne na imani. To yaya wanda shi da kansa ya zama abin cutarwar? Saboda haka tambayar wurin ajiye mota tana da kyau tun kafin a karɓi aiki. In ya tabbata babu, sai mutum ya san tun wuri cewa zai riƙa ajiyewa nesa ya taka, ko ya bar motar a gida.

Tanadin tsufa

A nan ne aka fi kawo maganar tawakkali. Sai a ji wani ya ce wa ya san gobe, balle shekara talatin. Gaskiya ne babu wanda ya san gobe sai Allah, amma rashin sanin goben shi ne dalilin tanadi. Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya shawarci mutanen Masar su ajiye hatsin shekara bakwai na yalwa a cikin zangarniyarsa saboda shekara bakwai na fari. Buhari ya ruwaito cewa Manzon Allah yakan keɓe wa iyalinsa abincin shekara guda, ga shi kuwa shi ne shugaban masu tawakkali. Da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙasi ya yi rashin lafiya ya so ya yi wasiyya da mafi yawan dukiyarsa, sulusi kaɗai aka yarje masa, aka nuna masa cewa barin magada cikin wadata ya fi barinsu suna roƙon mutane. Kula da wanda ƙarfinsa ya ƙare ma tsohuwar sunna ce ta shugabanni: Alƙali Abu Yusufu ya kawo a littafinsa na haraji cewa Sayyidina Umar ya ga wani tsohon Bayahude makaho yana bara, ya ga rashin adalci ne a ci moriyar ƙuruciyarsa a yar da shi da tsufa, ya sa aka yanka masa abin masarufi daga baitulmali.

Ya kamata mai neman aiki ya san yadda tsarin yake a Nijeriya. Kafin 2004, gwamnati ce take ɗaukar nauyin fensho daga kasafin kuɗinta, bashin ya taru, tsofaffi suka riƙa shan wahalar layi. Dokar 2004 ta kawo tsarin karo-karo, inda kowane ma'aikaci yake da asusun kansa a hannun kamfanin kula da fensho, ƙarƙashin sa idon hukumar PenCom. Dokar 2014 ta ɗaga karon: ma'aikaci ya ba da aƙalla kashi 8 cikin ɗari, wanda ya ɗauke shi aiki ya ba da aƙalla kashi 10. Ta wajabta a zuba kuɗin cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi, ta kuma wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa ma'aikaci inshorar rai wadda ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Asusun na ma'aikaci ne, yana binsa in ya sauya wurin aiki. Jihohi kuwa kowace da dokarta, wasu sun shiga tsarin, wasu suna da nasu, kuma a jihohi da dama an sha ganin 'yan fensho suna jiran garatuti shekara da shekaru.

Ga misalin da zai nuna nauyin abin. A ɗauka albashin da ake lissafa fensho a kansa Naira 150,000 ne. Za a cire wa ma'aikaci 12,000, asibitin ya ƙara 15,000, a zuba masa 27,000 kowane wata, watau 324,000 a shekara. Abin da zai riƙe a hannu, kafin haraji, 138,000 ne. Wani ƙaramin asibitin kuɗi da ba ya zuba fensho, in ya ce zai ba shi 160,000 a hannu, ido zai ga kamar ya fi da 22,000, alhali a haƙiƙa ya gaza da 5,000, domin 138,000 da 27,000 sun kama 165,000. Duk da haka kada a ɗauka fensho shi kaɗai zai riƙe mutum. Hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, kuɗin da aka tara kuwa ba ya sayen abin da yake saye jiya. Mai hankali yakan haɗa da gona ko kiwo ko gidan kansa.

Akwai tambayoyi uku da Musulmi zai yi a nan. Ta farko, ana zuba abin da aka cire kuwa? Cire kuɗin ma'aikaci a riƙe cin amana ne, ya kuma zo a hadisi ƙudusi cewa wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago ya ci moriyarsa ya hana shi ladansa yana cikin mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar ƙiyama. Hanyar sani ita ce a tambayi waɗanda suka daɗe a wurin, da waɗanda suka yi ritaya daga can, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ta biyu, a ina ake juya kuɗin? Mafi yawan kuɗin fensho ana sa shi ne a takardun bashin gwamnati masu ruwa. Amma tun 2021 PenCom ta fito da asusu na shida, wanda ba ya mu'amala da riba, ana juya shi a irin sukuk da gwamnatin tarayya ta fara fitarwa cikin 2017 don gina hanyoyi. Ma'aikaci yana da ikon neman a mai da kuɗinsa can, wanda ya sami halal a buɗe kuwa ba shi da uzurin zama cikin shubuha. Ta uku, in ya rasu fa? Abin da ya taru a asusunsa dukiyarsa ce, hukuncinta hukuncin gado. Sunan da ya rubuta a takarda a matsayin makusancinsa bai mai da wannan mutum mai dukiyar shi kaɗai ba. Kyautatuwa ya yi ya bayyana wa iyalinsa haka tun yana raye, domin kada 'yan'uwa su ɓata a kan abin da ya tara don ya haɗa su.

Inda lissafi yake tsayawa

Duk da abin da ya gabata, masu tuhumar nan suna da wata gaskiya da ba za a ture ba. In kowa ya zaɓi asibitin da ya fi kusa da gidansa, mai inuwar ajiye mota da fensho mai kauri, wa zai tafi asibitin ƙauye? Imam Gazali, a cikin Ihya'u Ulumiddin, ya lissafa ilmin likitanci cikin farillan kifaya, waɗanda in babu mai yi a gari, mutanen garin duka sun yi laifi. Cikin 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana cewa likitoci wajen 16,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara biyar, waɗanda suka rage kuma mafi yawansu suna manyan birane. Kowane ɗayansu ya yi lissafinsa, lissafin kuma yana iya zama daidai, amma jimillar lissafin ita ce mace mai naƙuda a bayan babur ana neman garin da yake da likita.

Saboda haka hukuncin yana sauyawa da halin mutum. Wanda yake zaɓe tsakanin asibitoci biyu na birni, kowanne da ma'aikatansa, ba shi da laifi in ya ɗauki wanda ya fi masa sauƙi. Amma wanda shi kaɗai ne unguwarzoma ko malamin asibiti a gunduma guda, farillar ta kusa zama tasa shi kaɗai, barin wurin don neman inuwar mota abu ne mai nauyi. In ya daure ya zauna, ko ya riƙa yin doguwar tafiyar, ana yi masa fatan alheri irin wanda aka yi wa Banu Salimata albishir da shi, lokacin da suka so su taso su dawo kusa da masallaci aka ce su zauna a unguwarsu, ana rubuta musu sawayensu. Haka kuma magidanci mai 'ya'ya takwas da tsofaffin iyaye ba ɗaya yake da saurayin da bai ajiye iyali ba. Na biyun ya fi ikon ba da shekara biyu ko uku na ƙuruciyarsa ga inda ake tsananin bukata.

Nauyin kuma ba a kan ma'aikaci kaɗai yake ba. Manyan asibitocin Musulmi na da, irin na Nuruddini a Dimashƙa da na Sarki Ƙalawun da aka gina a Alƙahira cikin 1284, an tsai da su ne a kan waƙafi, daga ciki ake biyan likitoci da masu hidima. Magabata sun gane cewa ba a dogara da sadaukarwar mutum ɗaya a bar shi da yunwa. Hukumar da take son ma'aikaci ya zauna a ƙauye, sai ta ba shi gida kusa da asibiti da alawus ɗin da ya dace, ta kuma biya wanda ya yi ritaya haƙƙinsa a kan kari, domin matasa suna kallon yadda aka yi da na gabansu. Attajiran gari ma suna da rabo: gina gidan nas biyu kusa da asibitin ƙauye sadaka ce mai gudana.

Abin da ya kamaci wanda tayin aiki yake gabansa shi ne ya jera tambayoyinsa bisa tsari. Ya fara da inda zai iya sauke amanar marasa lafiya ba tare da makara ko gajiya mai kai ga kuskure ba, sa'an nan inda haƙƙin iyalinsa da sallarsa ba za su tozarta ba, sa'an nan inda aka fi bukatarsa, daga ƙarshe ya duba abin da ya fi masa riba yau da gobe. Ya je ya gwada hanyar da kansa a lokacin da zai riƙa binta, ya nemi a rubuta masa sharuɗɗan, ya shawarci wanda ya riga shi, ya yi istihara. Ba a fafe gora ranar tafiya. In ya yanke shawara ya karɓa, to lissafi ya ƙare, saura cika alkawari: ba ya halatta ya riƙa huce haushin nisan hanya ko ƙarancin albashi a kan majinyaci, domin majinyacin ba shi ya yanka masa albashin ba. Ayyuka kuwa da niyya suke, kuma albashi ba ya cinye ladan wanda ya fito da nufin ciyar da iyalinsa halal da sauƙaƙa wa bayin Allah ciwo. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri, Ya sa a gama da duniya lafiya, amin.